Bindigar farauta mai baki biyu mai sauƙin kuɗi: wacce ta dace da maharbin Kano, kuma me za a gyara mata?

Rani na uku ke nan ina ware wani abu daga abin da nake samu domin in mallaki bindigar farauta mai baki biyu, kuma har yau ba ta zo hannuna ba. Wadda nake fita da ita mai baki ɗaya ce, tana da lasisinta, ta kuma yi mini hidima daidai ƙarfinta a gefen gonakin shinkafa na Kura da Kadawa da fadamun da ke kusa da Tiga. Amma duk wanda ya taɓa ganin fakara biyu sun tashi lokaci guda daga gindin kara, ya harbi ɗaya, ya tsaya laluben katirij a aljihu ta biyun tana ɓacewa, ya san abin da ke sa maharbi kwaɗayin baki na biyu. Jiran ya yi tsawo, sai dai ya ba ni sararin yin tambaya da karatu da riƙa bindigogin abokan farauta ina gwada su a kafaɗa, har abin da na fara sha'awa da farko ya zama shi ne na fara ajiyewa gefe.

Dalilin jiran ba kuɗi kaɗai ba ne, kuma wajibi ne in fara da wannan kafin a kai ga maganar ƙarfe da katako. Dokar mallakar bindiga ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin su fistol da mashinga da raifil na soja, waɗanda sai da iznin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, inda bindigar tsuntsaye mai cin katirij ta faɗo, kuma lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kanta. Dokar ta cire masu ɗura kansu da kansu daga rukuni na biyu, don haka mai baki biyu da ake karyawa a saka katirij da hannu tana zaune daram a cikin abin da aka yarda farar hula ya nema. Kowace bindiga da lasisinta, wato na mai baki ɗaya ba ya rufe wata sabuwa, kuma a shekarun nan rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda halin tsaro. Hanyar da na sani ɗaya ce: mutum ya je hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai ya ji matsayin da ake ciki, ya jira, in an buɗe ya saya ta hannun dillali mai rajista. Wanda ya kira ka gefe ya ce yana da wata mai araha babu takarda, kurkuku yake tallata maka, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa ban faɗe shi domin irin wannan ciniki ba.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne raifil mai baki biyu, wato wadda cikin bututunta yake da murɗaɗɗen zare, tana harba dunƙulen harsashi guda ɗaya daga kowane baki. Ita ce bindigar da Turawan farauta suka yi suna da ita a gabashin Afirka da Indiya, kamfanonin Ingila irin su Holland & Holland da Rigby da Westley Richards suka ƙera ta da manyan harsasai kamar .470 Nitro Express, domin mutumin da ɓauna ko giwa ta taso masa ya samu harbi na biyu nan take ba tare da ya taɓa komai ba sai kunama. Sabuwa daga Landan kuɗinta ya kai na gida, don haka da na ji cewa kamfanin Baikal na birnin Izhevsk a Rasha ya yi wata mai suna MP-221, mai cin harsashin .45-70 ko .30-06, wadda aka taɓa sayarwa a Amurka ƙarƙashin sunan Remington a kan ƙasa da dala dubu ɗaya, sai raina ya biya ƙwarai.

Da na fahimci abin da ke sa irin wannan bindiga tsada, sai na fahimci inda mai arahar take rage hanya. Bututu biyu da aka jera gefe da gefe ba sa kai harsashi wuri ɗaya da kansu. Idan na dama ya tashi, yana fizgar bindigar zuwa dama kafin harsashin ya bar baki, na hagu kuma ya fizge ta hagu, saboda kowannensu yana gefen tsakiyar ƙota. Maƙerin yakan ɗan karkatar da su su fuskanci juna, ya liƙe da darma, ya je ya harba, ya dawo ya narkar ya gyara, ya sake harbawa, har sai harsasan biyu sun faɗi kusa da juna a tazarar da aka zaɓa, galibi tsakanin mita 50 da 100. Wannan aikin hannu ne na kwanaki, kuma ana yin sa ne da nau'in harsashi guda, mai nauyi guda da gudu guda. Ranar da ka canza harsashi, bakunan biyu suna iya rabuwa, kowa ya kama gabansa. Baikal sun kauce wa wannan wahala ta hanyar sanya wani noti tsakanin bututun biyu da mai bindiga zai riƙa juyawa da kansa har ya daidaita su. Dabara ce mai kyau, amma tana nufin kai ne za ka ƙona harsashi mai yawa kana gwaji, a ƙasar da harsashin raifil na farauta ba ya samuwa a kasuwa, kuma adadin da aka yarda ka riƙe yana rubuce a takardarka. Ga kuma wani cikas na doka: jerin raifil na soja da aka haramta ya ambaci faɗin 7.62 da .300 da .303, ita kuwa .30-06 faɗinta ke nan. Tun shekarar 2014 ma takunkumin da Amurka ta sanya wa rukunin Kalashnikov, wanda masana'antar Izhevsk ke ƙarƙashinsa, ya rage yawon waɗannan bindigogi a kasuwannin duniya.

Ko da an kawar da duk wannan, tambayar da ta yanke mini hukunci ita ce: me zan harba da ita? Giwayen Yankari a ƙarƙashin kariya suke, dajin Falgore ma gandun gwamnati ne da ba a farauta a cikinsa. Abin da mafi yawanmu ke dawowa da shi zabon daji ne da fakara da hasbiya da kurciya da zomo, sai kirinjijiya ga mai zuwa bakin ruwa. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar harsashin da aka yi domin ɓauna. Mafi nauyi a zuciyata kuma shi ne cewa karkarar Kano cike take da mutane. Duk inda ka juya akwai gona, akwai rugar Fulani, akwai yara masu kiwo ko mata masu itace a bayan wata kuka da ba ka hango ba. Harsashin raifil da ya kuskure abin da aka nufa yana iya tafiyar sama da kilomita uku da sauran ƙarfin kisa, alhali ƙananan 'ya'yan darma na harbin tsuntsu suna zubewa ƙasa cikin 'yan ɗaruruwan mitoci. A kan wannan na haƙura da raifil mai baki biyu, kuma ita ce shawarar da zan ba duk wanda farautarsa irin tawa ce.

Saura mai sumul ɗin ciki, wadda ke watsa 'ya'yan darma. A nan ma akwai zaɓi iri-iri, amma maganar faɗin baki ba ta da tsawo. Lamba 12 ita ce katirij ɗinta ya fi samuwa a Najeriya, kuma bindigar da babu abincinta sanda ce kawai. Lamba 20, wadda bakinta ya fi ƙanƙanta, ta fi sauƙin ɗauka da taushin duka a kafaɗa, lamba 16 tana tsakiya, sai dai neman katirij ɗinsu aiki ne. Akwai ma haɗarin da ya kamata kowa ya sani: katirij mai lamba 20 idan ya shiga bindiga mai lamba 12 yana zurmawa ya maƙale a cikin bututu, mutum ya ɗauka babu komai ya ɗora wani a bayansa, bututun ya tarwatse a hannunsa. Gidan da ke da lamba 12 ya fi aminci ya tsaya a kanta kaɗai.

Inda na daɗe ina jujjuyawa shi ne tsakanin mai bakuna gefe da gefe da mai ɗaya bisa ɗaya. Ta biyun ita ce ta mamaye filayen gasar harbi a duniya tun bayan da Browning suka fitar da Superposed a 1931, kuma dalilin a fili yake: ido yana bin layi siriri guda ɗaya kamar na mai baki ɗaya, dukan harbin yana dawowa a miƙe, nauyinta kuma yana taimakawa wajen bin tsuntsu a hankali. Wanda ya saba da mai baki ɗaya irina zai ji ta zauna masa da wuri. Sai dai tana buƙatar a karya ta sosai kafin bakin ƙasa ya fito a saka katirij, abin da ke da wuya ga mutumin da ya durƙusa a cikin ciyawa yana jiran zabi su sauko. Yawancinsu kuma kunama ɗaya gare su, wadda wani ɗan ƙarfe a ciki ke juya ta daga wannan baki zuwa wancan, kuma a bindigogi masu araha wannan ɗan ƙarfen shi ne ya fi saurin ba da matsala. Wani lokaci baki na biyu ya ƙi tashi, wani lokaci kuma duka biyun su tashi tare, wanda ya fi muni.

Mai gefe da gefe tsohuwar ƙira ce. Tsarin cikinta da aka fi amfani da shi har yau wasu ma'aikatan Westley Richards biyu ne, Anson da Deeley, suka fito da shi a Birmingham a 1875, kuma ya rayu ne saboda ƙarafunansa kaɗan ne, masu kauri. Tana karyewa kaɗan ta buɗe, tana kwanciya a gwiwar hannu idan ana doguwar tafiya, kuma yawancin masu arahar suna zuwa da kunama biyu. Wannan kunama biyun ita ce ta rinjaye ni. Kowane baki yana da nasa kayan aiki, don haka idan sifirin ɗaya ya karye a daji, har yanzu kana da bindiga mai baki ɗaya da za ka ƙarasa yininka. Bayan haka, bakin dama galibi a buɗe yake domin abin da ya tashi kusa, na hagu kuma a matse domin abin da ya yi nisa, yatsa kawai za ka matsar ka zaɓi wanda ya dace. Aibinta shi ne faɗin bakunan yana rufe wa sabon hannu abin da yake bi, kuma bututun yana zafi a tafin hagu idan an yi harbi a jere, amma mu da muke harba katirij biyar ko shida a yini wannan ba damuwarmu ba ce.

Matsin baki ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke faɗa maka nisan da bindigarka ke kashewa. Ana auna shi da yawan 'ya'yan darmar da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30 daga tazarar yadi 40, wato kusan mita 36. Baki mai cikakken matsi yana zuba kusan kashi 70 cikin ɗari a ciki, mai rabin matsi kusan 60, buɗaɗɗe sarai kuma wajen 40. Sababbin bindigogin Turkiyya da yawa suna zuwa da ƙananan bututun matsi da ake ɗaurawa a kwance, har guda biyar a akwati, kuma wannan abin sha'awa ne ga mai son yau kurciya gobe agwagwar ruwa. Amma suna son kulawa: zaren da suke ɗauruwa a kai yana cika da ƙurar hunturu, yana kuma cin tsatsa da damina, in aka yi sakaci su kafe, in kuma suka saki ba a lura ba harbi ya lalata bakin. Tsayayyen matsi na dindindin ba ya ɓata, ba ya kwancewa. Ni dai rabin matsi a dama da cikakke ko kusa da shi a hagu ya ishe ni, tunda zabon daji tsuntsu ne mai taurin gashi, kuma ba ya bari a matso shi.

Game da masu ƙira, uku ne suka fi shiga hannun mai ƙaramin ƙarfi. Baikal, da MP-43 mai gefe da gefe da MP-27 mai ɗaya bisa ɗaya, waɗanda tsofaffi suka sani da IZH-43 da IZH-27, ba su da kyan gani. Katakon fari ne da aka shafa wa fenti mai ƙyalli, zanen riƙonsa na inji ne, sabuwa kuma tana da taurin karyawa har sai an yi ta amfani da ita. Amma ƙarfen yana da kauri, cikin bututun an shafe shi da kurom mai hana tsatsa, kuma an yi su ne domin maharbin ƙauye da ke nesa da mai gyara. Nauyinsu ya ɗan haura kilo uku. Na Turkiyya, irin su Huglu da Yildiz da ATA, sun fi su kyau nesa ba kusa ba, domin ƙasar tana da itacen gyaɗar Turawa (walnut) mai kyan zane, kuma ƙirar tana da laushi a hannu. Huglu ce ma ke ƙera bindigogin tsuntsaye masu baki biyu da ake sayarwa da sunan kamfanin CZ. Abin lura a wurinsu shi ne wasu suna da ƙugu, wato sashen tsakiya da ke haɗa bututu da ƙota, na alminiyom domin rage nauyi, kuma bindiga mara nauyi tana dukan kafaɗa. Tsohon maƙerin Birmingham W. W. Greener ya bar ƙa'idar cewa nauyin bindiga ya ninka nauyin darmar da take harbawa sau 96, wato katirij mai giram 32 yana son bindiga mai kusan kilo uku. Wadda ta gaza haka da yawa za ta koya wa mai ita runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari. Na uku su ne na Barazil da ake sayarwa da sunan Stoeger ko Boito, masu sauƙin tsari da araha, amma a cikin ukun su ne na fi son in duba ɗaya bayan ɗaya kafin in amince, musamman masu kunama ɗaya.

Akwai hanya ta huɗu, wato tsohuwar bindigar Ingila ko Sifen da ta daɗe a ƙasar nan, wadda mai ita ya tsufa ko magada ke son rabuwa da ita ta hanyar canjin suna a wurin 'yan sanda. Webley & Scott ko AYA ta garin Eibar mai lafiya ta fi duk waɗanda na ambata daidaito a hannu. Amma tsufa yana da tarko. Da yawa daga tsofaffin na Ingila ɗakin katirij ɗinsu milimita 65 ne, alhali abin da ke kasuwa yanzu 70 ne ko 76, kuma dogon katirij yana shiga gajeren ɗaki lafiya lau kafin a harba, sai ya buɗe ne matsin iskar ya haura abin da aka gwada bindigar da shi. Tsawon yana cikin tambarin gwaji da ke ƙarƙashin bututu, irin wanda gidan gwajin bindiga na Birmingham, da aka kafa a 1813, ke bugawa, don haka a cire bututun a karanta. Wadda jikin bututunta ke da zane kamar igiyar da aka murɗa, ƙirar zamanin baƙin albarushi ce, ba a saka mata katirij na yanzu. Wani dattijon maharbi daga wajen Dawakin Kudu, wanda duk muke kira Baba, shi ya koya mini sauran binciken. Ya nuna mini yadda ake rataye bututun a yatsa a ƙwanƙwasa shi da farce: mai lafiya yana ƙara kamar ƙararrawa, wanda liƙinsa ya saki kuma sai ya yi wani sauti a dushe. Ya ce in cire katakon gaba in girgiza bindigar in ji ko akwai lilo tsakanin bututu da ƙugu, in ɗaga ta in leƙa hasken rana in nemi rami ko lotsawa ko kumburi, sannan in gwada lambar jikinta da ta takarda harafi da harafi.

Idan an tambaye ni yau, jerina shi ne Baikal mai gefe da gefe da kunama biyu a gaba, ta Turkiyya mai ƙugun ƙarfe a bayanta, tsohuwar Sifen ko Ingila kuma sai in wanda ya san aiki ya duba ta ya yarda. Kuma zan zaɓi wadda ke ɗago kwanson katirij in cire da hannu a kan mai tofar da shi waje da kanta, domin kayan cikinta sun fi ƙaranci, kwanson kuma yana ƙarewa a aljihuna maimakon gonar mutane inda dabba za ta iya haɗiya.

Maganar gyara kuwa, na ga mutane da yawa suna fara ta daga ado, alhali wurin farawa shi ne ƙota. Bindigar tsuntsaye ba a saita ta kamar raifil, nuna ta ake yi, kuma idon maharbi shi ne saitin baya. Idan ƙotar ba ta kai kuncinka da idonka wuri ɗaya a kowane ɗagawa ba, harbin zai riƙa sauka inda ba ka duba ba, komai tsadar ƙarfen. Gwajin mai sauƙi ne. Ka tabbatar babu komai a cikinta, ka zaɓi wani tabo a bango, ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kafaɗa yadda ka saba, sannan ka buɗe. In ka ga ɗan ƙwallon saiti zaune a tsakiya da ɗan siririn doron bututu, ta dace da kai. In doron ya bayyana da yawa, za ta riƙa harbi sama, in kuma ƙugun ya rufe ƙwallon, za ta yi ƙasa. Tazarar kunama zuwa ƙarshen ƙota a yawancin bindigogi tana wajen santimita 36, kuma ga dogon mutum mai dogon hannu wannan gajere ne, har babban yatsansa ya riƙa dukan hancinsa. Maganinsa matashin roba ne a gindin ƙota, wanda ke ƙara santimita biyu ko fiye, yana kuma shanye dukan harbi. Wannan shi ne gyara na farko da zan yi, kuma zan auna shi sanye da rigar da nake fita da ita da sanyin asuba, domin a lokacin ne mafi yawan farautarmu take. In kunci yana buƙatar ɗagawa, ɗan ƙyallen fata da aka ɗaure da igiya a doron ƙota ya wadatar, ba sai an sassaƙa komai ba.

Bayan ƙota sai takarda. Zan nemi manyan kwalaye, in kafa su a gaban tudu inda babu hanya a baya, in harba kowane baki daban daga mita 30 da irin katirij ɗin da zan riƙa amfani da shi, mai 'ya'yan darma masu girman lamba 6 ko 4 domin fakara da zabo, BB domin abin da ya fi su. Masu araha ba duka ne bakunansu ke kallon wuri ɗaya ba, kuma gara mutum ya gano haka a kan kwali da ya gano a kan tsuntsun da ya tafi da rauni ya mutu a inda ba wanda zai yanka shi.

Katakon Baikal yana karɓar gyara da kyau. Ana kankare fentin da takardar yashi mai laushi, a kiyaye zanen riƙo, sannan a riƙa shafa man linsid da tafin hannu kaɗan-kaɗan, ana barin kowane shafi ya bushe kwana ɗaya ko biyu, har ya yi duhu ya yi santsi. Wannan ya wuce kwalliya a garinmu, domin iskar hunturu tana busar da katako ya tsuke, dogon notin da ke riƙe ƙota ya saki, kuma ƙota mai lilo tana tsagewa a wuya da harbi kaɗan. A duba notin a farkon kowane rani. Man ƙarfe kuwa kaɗan ake sawa, na bindiga ko na keken ɗinki, ba baƙin mai ba, ba kuma man gyaɗa da ke daskarewa ya kama ƙura ba. Idan ya yi yawa yana gangarowa ya jiƙa wuyan ƙota ya ruɓar da shi, shi ya sa masana ke jingine bindiga bakinta ƙasa bayan an shafa mata.

Maratayi da kube kuwa, a nan Kano ta fi ko'ina. Dukawan kasuwar Kurmi za su ɗinka maka maratayi mai faɗi daga fatar da aka jeme a garin nan, wanda ba ya yankan kafaɗa, da ɗamarar katirij daidai ƙugunka. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: kuben fata na tafiya ne, ba na ajiya ba. Jemammiyar fata tana riƙe laima, kuma bindigar da ta yi damina a cikinsa za ta fito da tabon tsatsa. Wurin ajiyarta akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo, a karye, katirij kuma a wani wuri daban da yara ba su sani ba. Na san al'adar maharba ta ƙawata ƙota da ƙusoshin tagulla da ɗaura laya, kuma ba na raina ta, amma ƙusa a wuyan ƙota tana buɗe hanyar tsagewa a daidai wurin da ya fi rauni, don haka duk abin da mutum zai rataya ya rataya shi a jikin maratayi.

Akwai kuma abubuwan da ba zan bari a taɓa ba. Rage tsawon bututu shi ne na farko: matsin bakin yana can ƙarshe, yankewa tana tafiya da shi, kuma doka ta hana rage bututun irin wannan bindiga ƙasa da inci 20. Na biyu shi ne goge ƙarafunan kunama domin ta yi laushi, ko cire makullin da ke komawa da kansa idan an karya bindiga. Kunamar da aka goge ba bisa sani ba tana iya tashi idan bindigar ta faɗi ko an rufe ta da ƙarfi, kuma mu a rukuni muke tafiya, wani yana gaban wani. Na uku shi ne wuta. Bututun biyu da doronsu a yawancin irin waɗannan bindigogi liƙi ne ya haɗa su, don haka mai walda ko mai huda ƙarfe da zai maƙala zoben maratayi yana iya raba su ba tare da ya sani ba. Duk aikin da ya shafi ƙarfe na mai gyaran bindiga ne da ke da iznin hukuma, kamar yadda dokar ta tanada. Madubin hangen nesa ba shi da amfani a bindigar da iyakar aikinta mita 40 ne, fitila a kan bututu kuma kayan farautar dare ce, wadda dokokin kare namun daji suka hana, kuma a halin da ake ciki mutum da bindiga da fitila cikin dare yana jefa kansa a inda bayani ba zai yi masa amfani ba.

Kuɗin da na tara yanzu na kasa shi uku: kaso mafi girma na bindigar da takardunta, sai na akwatin ƙarfe, sai ɗan abin da zai sayi matashin roba da kwalbar man linsid da katirij na gwaji. Akwatin na riga na sa an ƙera, an kuma kafe shi a bango. Maratayin ma na kai awo Kurmi a watan jiya, na ce wa badukun ya bar ramukan ɗauri ba a huda ba tukuna, sai ranar da na zo masa da ita a karye cikin kube ya auna a kanta.